Yadda za ka yi aikin wayar da kai a ƙauyukan bakin dajin Gashaka-Gumti har mutane su saurare ka

Wannan rubutun na matasanmu ne da ke shiga aikin kare daji, ko kai sabon renja ne, wato mai gadin daji, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo Serti, garin da hedikwatar gandun take, ko malamin firamare da hedimasta ya ce ka riƙe kulob ɗin muhalli, ko kuma wata ƙungiya ce ta ɗauke ka ta baka mashin da lasifika ta ce je ka wayar da kan jama'a. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, mutanen da ke zaune a bakin dajin nan sun fi ka sanin dajin, nesa ba kusa ba, abin da ba su da shi shi ne dalilin da zai sa su yarda cewa tsare dajin nasu ne ba na gwamnati da Turawa kaɗai ba. To aikinka kenan, ka nemo wannan dalilin tare da su.

Fara da sanin wurin kafin ka buɗe baki. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991 bayan an haɗe gandun Gashaka da na Gumti, kuma ya ratsa jihohi biyu, Taraba da Adamawa, ga iyakar Kamaru a gabas. Ɓangaren Gumti na arewa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, shi kuwa ɓangaren Gashaka na kudu duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu, a can Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a ƙasar nan, mita 2,419. A cikin kurmin akwai biri mai ganga, wato cimfanzi, akwai ɓauna, damisa, mazo, gada, ɗan kunya, wato dabbar nan mai ɓawo kamar sulke a jiki, ga dorina a kogin Kam. Kuma akwai abin da baƙi da yawa ba su sani ba, cewa a cikin gandun kansa akwai wuraren da aka keɓe wa mutane suna zaune suna noma da kiwo, irin su Filinga da Selbe da Gumti, don haka ba duk wanda ka gani da shanu a ciki ba ne mai laifi. In ba ka san wannan ba za ka je ka kwafsa a gaban ardo, kuma daga ranar ba zai ƙara ɗaukar maganarka da nauyi ba.

Sannan maganar yare. Hausa tana tafiya a kasuwannin yankin, amma a ruga da kan tsaunuka Fillanci ne, ga Jibawa da Ndoro da Dakka da Mambila da Tibi kowa da harshensa. Ka samu ɗan gari da zai riƙa yi maka tafinta, wanda mutane ke ganin girmansa, ba yaron da ka tsinta a tasha don yana jin Turanci ba.

Shiga gari kuwa ta ƙofa ake yi. Masarautar Gashaka tana da Lamɗo a Serti, ƙarƙashinsa akwai hakimai da jauro-jauro, wato masu gari, makiyaya suna da ardo, mafarauta suna da sarkin baka, masunta ma da nasu shugaban. Zuwanka na farko gaisuwa ce kawai, ka riƙe goro, ka cire takalmi, ka ce ranka ya daɗe na zo ne in gabatar da kaina in kuma nemi izini, ka faɗi wanda ya aiko ka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kar ka zo da kaki da bindiga a wannan ziyarar ko da kai renja ne, kuma dan Allah kar a haɗa tawagar wayar da kai da tawagar kame a mota ɗaya rana ɗaya. Idan aka kama ɗan wani da safe, da yamma kuma kuka kafa majigi kuna cewa daji namu ne duka, babu wanda zai ji ku, wasu ma za su ɗauka taron tarko ne. Ka bari jauro ya zaɓi rana da wuri da kansa, ba ranar kasuwa ba, ba lokacin shuka ko girbi ba, kuma ka tambayi lokacin sallah da na coci don yankin a gauraye yake.

Zama na farko da jama'a, kai ne ɗalibi. Abin da na ga yana aiki sosai shi ne zanen taswira a ƙasa. A share fili a gindin bishiya, a kawo toka da duwatsu da ganye da ƙwayar masara, ka ce baba ku nuna mana ina kogi ya bi, sai wani dattijo ya ɗebi toka ya ja layi, nan take wani zai ce a'a ba nan ya lanƙwasa ba, ya karɓa ya gyara, kafin ka ankara mutum goma sun durƙusa suna gardama, wannan ya ajiye dutse ya ce nan ne mashayar shanu, wancan ya ajiye ganye ya ce nan muke ɗiban zuma, wata tsohuwa daga baya ta ce ku sa inda muke samo itace, da can kusa ne yanzu sai mun yi tafiyar rabin yini. Kai dai ka yi shiru kana rubutawa. Can sai ka jefa tambaya ɗaya, wanne rafi ne da ba ya ƙafewa da rani lokacin kuna yara amma yanzu yana ƙafewa? Za su nuna maka. Sai ka ce me ya canja a saman rafin? Su da bakinsu za su ce an sare kurmin da ke kansa an yi gona, ko wuta ta cinye shi shekara bayan shekara. Kaga darasin ya fito daga bakinsu, kai ba ka yi wa kowa lacca ba. Ka ɗauki hoton taswirar da waya kafin awaki su tattake ta, ka sa a zana ta a babbar takarda, in ka dawo ka kawo musu tasu.

Ruwa shi ne babbar hujjarka, ka riƙe shi da kyau. Kogunan da ke fitowa daga duwatsun nan, Kam da Gashaka da sauransu, su ne ke zuba a kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, wato mai noman rani da masunci da ke can ƙasa nesa duk suna cin albarkar kurmin da ba su taɓa gani ba. Kurmi yana riƙe ruwan sama, ganyen da ya zuba ya ruɓe da saiwoyi suna sa ruwa ya nutse a hankali ya riƙa tsattsafowa har cikin rani, in aka aske gangaren dutse kuwa ruwan damina zai sauko gaba ɗaya da jar ƙasa, ya cike kogi da yashi, ya yi ambaliya a Agusta, a Maris kuma a koma tonon rairayi. Manomi ya gane wannan, makiyayi ya gane, matar da ke ɗaukar jarka a ka ta fi kowa ganewa. Amma in ka fara da hoton biri kana cewa saura kaɗan ya ƙare a duniya, wallahi mutumin da bika ta shiga gonarsa jiya ta karya masa masara zai dube ka ne kawai.

Tunda na ambaci bika, bari in tsaya a nan, domin wannan ita ce tambayar da za a yi maka a kowane ƙauye: dabbobinku suna cinye mana amfanin gona, wa zai biya? Kar ka yi alkawarin diyya in ba ka da ita a hannu. Kar ka ce za a duba alhali ka san babu mai dubawa. Ka amsa cewa ɓarnar gaskiya ce, ka je gonar da ƙafarka ka gani, ka rubuta sunan wurin da irin amfanin da lokacin da abin ya fi tsanani, sannan ku zauna a kan abin da zai yiwu, kamar haɗa gadi tsakanin maƙwabtan gona lokacin da masara ta fara nuna maimakon kowa ya cire ɗansa daga makaranta ya zaunar da shi a gona, da share ciyawa tsakanin gona da bakin kurmi don biri ba ya son ratsa fili, da matsar da masara nesa da baki a sa abin da bai dame su ba kamar barkono a layin farko. Ba zai kawar da matsalar duka ba kuma ka faɗa musu hakan. Mutumin karkara yana yafe maka rashin kuɗi amma ba ya mantawa da alkawarin da aka saɓa, kuma wanda zai biyo bayanka shi zai gaji laifin.

Kowane rukuni da irin maganarsa, kar ka tara kowa wuri ɗaya ka karanta musu takarda ɗaya.

Makiyaya ka same su a ruga da sassafe kafin a saki shanu ko da yamma bayan sun dawo, kuma ka fara da lafiyar dabba, allurar rigakafi, maganin sammore, mashaya. In da hali ka tafi da malamin dabbobi, wannan ziyarar ta fi taro goma. Daga nan sai maganar wuta. Makiyayi yana cinna wuta ne don sabuwar ciyawa ta tsiro, ba don mugunta ba, don haka cewa a daina ƙona daji kwata-kwata magana ce da ba za ta shiga ba. Abin da za ku tattauna shi ne lokaci da wuri, wutar farkon rani da ciyawa ke da sauran danshi tana tafiya a hankali ta mutu da raɓar dare, amma wutar Fabrairu da Maris da iska ke kaɗawa ita ce ke cin bakin kurmi tana kashe ƙananan itatuwa, kowace shekara kurmin na ja da baya. Sai kuma madobiya, itacen da 'yan katako ke kira madrid. Shekarun baya an yi ta lodinsa a tirela daga Taraba ana kaiwa tashar jirgin ruwa zuwa Sin, har ta kai an sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji ke sa wa ido daga 2017. Makiyayi ya san ganyen madobiya abincin shanu ne a tsakiyar rani lokacin da babu komai a ƙasa, to shi da kai ra'ayinku ɗaya a kan mai injin yanka katako, ka nuna masa hakan.

Mafarauta kuma kar ka ɗauke su abokan gaba. Tsohon maharbi ya san sawun kowace dabba, ya san inda take shan ruwa da watan da take haihuwa, kuma da yawansu suna da tsoffin ƙa'idoji na gado, ba a harbin mai ciki, ba a harbin mai shayarwa, ka tambaye su waɗannan ƙa'idojin a gaban matasa su faɗa da bakinsu. Ka zo da tarkon waya guda ɗaya cikin waɗanda renjoji suka kwance a daji, ka miƙa a zagaya da shi hannu-hannu, ka tambaya, wannan yana tantance gada da ɗan maraƙi? Yana tantance mai ciki? Kowa ya san amsa. Biri mai ganga sai ta yi wajen shekara 5 kafin ta sake haihuwa, ɗan kunya ɗa ɗaya yake haifa, in an kashe uwa ɗaya an yi asarar shekaru. Dokar gandun daji ta haramta farauta a ciki, ka faɗi wannan a sarari sau ɗaya ba tare da barazana ba, don kar wani ya ce ba a gaya masa ba. Sannan duk lokacin da aka buɗe ɗaukar renjoji ko masu nuna hanya, ka tabbata labarin ya iso ƙauyukan da wuri kuma ka taimaka wa matasa da cike fom, tun da gidauniyar ANI (Africa Nature Investors) mai aikin kare daji ta shiga haɗin gwiwa da hukumar gandun daji ta ƙasa a 2017 an ɗauki 'yan yankin aikin renja, kuma albashin ɗan gari guda ɗaya yana yin wa'azin da lasifikarka ba za ta yi ba. Masunta ma haka, maganarku a kan zuba gamalin, maganin ƙwarin nan, a ruwa ce, yana kashe kifi manya da ƙanana ya kuma bi ruwan da mutane da shanu ke sha.

Mata kar ka yarda a ce ai mazansu za su gaya musu. Ba za a gaya musu ba. A samu mace a tawagarku ta shiga gida-gida ko ta tara su a gidan jauro, kai ka tsaya a waje in al'adar wurin haka take. Su ne masu itace da ruwa da ganyen miya da saiwar magani, kuma su ne za su fi amfana da murhu mai tsimin itace wanda ake ginawa da yumɓu, a gina ɗaya a gidan wata da ake jin maganarta, a dafa tuwo a kai kowa ya ga yawan itacen da ya ci, sauran za su nema da kansu. Adashin mata ma hanya ce, in akwai ɗan jarin da za a juya, buƙatar sayar da gawayi tana raguwa. Haka kiwon zuma da akwatin katako da abin hura hayaƙi, maimakon a cinna wa kogon bishiya wuta a kashe ƙudan a bar wutar ta shiga daji.

Malaman addini kuwa ka je musu da ladabi, ka ce Allah gafarta malam mun zo neman taimako ne, kar ka je kana koya musu aikinsu. Liman ya fi ka sanin hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce a gare shi, ya kuma san cewa keɓe wuri a hana taɓa shi don amfanin jama'a abu ne da aka yi tun zamanin Manzon Allah (SAW) a kusa da Madina. Fasto ma ya san inda aka ce an sa Adamu a gonar Aidan ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Kai dai ka kai musu bayanin abin da ke faruwa da rafuka da wuta, in da hali ka kai su su gani da ido, huɗubar Juma'a ɗaya ko wa'azin Lahadi a farkon rani kan cinna wuta ya isa ya zagaye gari.

Yanzu makaranta, inda ni na fi jin daɗin aikin. Ka nemi izinin hedimasta da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ka samu malami ɗaya mai sha'awa, don kulob ɗin da ba shi da malami a cikin makarantar yana mutuwa ranar da ka daina zuwa. Kar ka cika yara da rubutu a allo. Ga gwaji ɗaya da ba ya cin ko sisi: ka samu gorar ruwa ta roba manya guda biyu, ka yanke gefe ɗaya na kowacce a kwance, ɗaya ka cika ta da ƙasa tsirara, ɗayar ka yanko ƙasa mai ciyawa da saiwarta ka shimfiɗa a ciki ka barbaɗa busasshen ganye, ka jingina su a karkace a kan benci bakinsu na kallon ƙasa, ka sa kofi a ƙarƙashin kowacce. Ka kira yaro ɗaya ya zuba ruwa daidai wa daida da buta. Ta farkon nan take ruwa zai zubo jawur da laka, ta biyun sai an ɗan jira, ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan kuma kusan garau. Ka ɗaga kofunan biyu ka ce wanne za ku sha? Ajin zai kaure da ihu, kuma da yamma a gida za a ba da labarin. Bayan wannan sai aikin gida, kowane yaro ya tambayi kakarsa ko kakansa sunan itatuwa 5 da amfaninsu da yarensu, da dabbar da suke gani da can yanzu ba sa gani, a haɗa a yi littafin makaranta. A yi ɗan lambun reno a bayan aji da ledar ruwan sha da aka tsinto, a shuka maɗaci da ɗorawa da sauran itatuwan gida, kowane yaro da nasa, amma a dasa a farkon damina kuma a kewaye da ƙaya, in ba haka ba awaki za su gama da su cikin sati. Kuma ka yi duk ƙoƙarin da za ka iya ka shigar da yaran cikin gandun ko sau ɗaya ne, da izinin iyaye da rakiyar renjoji, abin takaici ne ɗalibi ya taso daga jami'ar Ingila ya zo Kwano, sansanin bincike da ke cikin gandun, ya yi watanni yana nazarin birai, yaron da aka haifa a Serti kuwa bai taɓa ganin dorina a kogin garinsu ba. Ranar dazuzzuka ta duniya 21 ga Maris da ranar muhalli 5 ga Yuni dama ce ta yin wasan kwaikwayo da gasar kacici-kacici a gayyato iyaye.

Majigi da dare yana tara jama'a fiye da komai, farin zani a bango da ƙaramin janareta ko batirin sola sun isa. Amma ka nuna hotunan dajin nan, waɗanda kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin bishiya suka ɗauka, mutane su ga damisa ko ɓauna a wurin da suka sani da suna, ya fi ka nuna musu zakunan Kenya. Ka tsayar da bidiyon a tsakiya ka bar su su yi magana. Saƙon murya na WhatsApp da Hausa da Fillanci, gajere, da muryar wani dattijo da aka sani, yana yawo daga waya zuwa waya ko inda babu sabis don matasa suna tura wa juna a wurin cajin waya. Takarda mai dogon Turanci kuwa kar ka ɓata kuɗinka, ƙosai za a naɗe da ita.

Hattara da maganar alawus. In ka saba raba kuɗin zama a kowane taro, ranar da babu kuɗi babu taro, kuma waɗanda za su riƙa zuwa ba su ne masu shiga daji ba. Abinci da ruwa da kuɗin mashin ga wanda ya taso daga nesa ya wadatar, kuma ka faɗi hakan tun kafin ranar.

Ka riƙe littafi guda na ƙorafi da tambayoyi, duk abin da aka ɗaga a taro ka rubuta da kwanan wata, ka kai ofis, ka dawo da amsa ko da amsar a'a ce, ka karanta ta a gaban waɗanda suka yi tambayar. In an kawo ƙarar wani ma'aikaci cewa ya karɓi kuɗi ko ya ci zarafin wani, ka kai ta sama ba tare da ka fallasa wanda ya gaya maka ba. Wajen auna ko aikin yana ci kuwa, yawan waɗanda suka zo taro ba shi ne ma'auni ba, ka duba ko tarkon da renjoji ke kwancewa a wannan shiyyar ya ragu, ko wutar ƙarshen rani ta ragu, ko itatuwan da yara suka dasa sun kai damina ta biyu, ko wani ya fara kiranka da kansa ya ce ga baƙi sun shigo da injin katako ko masu haƙar ma'adinai sun kafa sansani a wuri kaza.

Ka tsara yawancin zagayenka tsakanin Nuwamba da Maris lokacin da hanya ke biyuwa kuma rafuka sun sauka, ka fara da maganar wuta tun kafin ciyawa ta bushe, ka bar lambun reno da dashe zuwa Afrilu da Mayu. Ƙauyukan da ruwa ke yankewa da damina ka bar musu wakili ɗan gari tun kafin kogi ya cika, ka ba shi littafi da biro da lambar wayarka, ku kuma yanke ranar kasuwar da za ku riƙa haɗuwa a Serti ko Mayo Selbe ya kawo maka abin da ya rubuta.